Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Hana Mata Zaman Sauraron Wasan Kwaikwayon Rediyo

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu ne matan da ke taruwa duk Laraba bayan la'asar a tsakar gidan ungozoma, mu kunna rediyo ɗaya mu saurari wasan kwaikwayo na lafiyar iyali. Mako uku ke nan da mai unguwa ya aiko a daina, wai wasu magidanta sun kai ƙara cewa ana koya mana raina maza. Kukanmu ke nan.

Ranka ya daɗe, ba wanda ya taɓa zuwa ya ji abin da muke ji. Labarin yarinya ce da aka bari tana naƙuda kwana biyu a ɗaki, saboda maigida ya tafi cin kasuwa kuma ba mai ikon cewa a kai ta asibiti. Kowacce a cikinmu ta san mai irin wannan labari. Wasu ƙannenmu ne, da suka ƙare a asibitin Babbar Ruga na Katsina da yoyon fitsari, jariri kuma an binne. Tun 2006 aka watsa wasan rediyo mai suna Gugar Goge a Kano da Kaduna kan wannan lalura, sai ga shi yau a garinmu ake kallon irinsa a matsayin fitina.

An ce kowacce ta saurara a ɗakinta. Da wace rediyo? Yawanci tana rataye a kafaɗar maigida, ko tana gona. Kuma amfanin yana cikin hirar da ke biyo baya: uwar miji ta kare tsohuwar cikin wasan, amarya da ba ta iya ɗaga ido ta samu bakin tambaya, ungozoma ta warware. Ta haka mata da dama suka fara zuwa awo, da izinin mazajensu.

Muna roƙonka ka sa a kunna kashi ɗaya a zaurenka, gaban liman da dagaci da waɗanda suka kai ƙarar. In an ji abin da ya saɓa wa addini, mun haƙura. In ba a ji ba, a ɗage hanin, kuma a ware wa maza nasu zaman bayan isha'i, tunda a hannunsu izinin fita yake.

Talakawanka,
Matan zaman Laraba, da mazajensu da suka dangwala yatsa.