Sanarwa: Zama kan Haƙƙin Dabbobin Gwaji

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu bincike.

Za mu yi zama ta intanet ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma, domin nazarin ƙa'idoji uku da masana kimiyya biyu na Birtaniya, Russell da Burch, suka shimfiɗa a 1959: neman madadin dabba, rage yawan dabbobin gwaji, da sassauta musu wahala. Ta ukun ce ta fi damuna, domin ɓera yakan ɓoye ciwonsa, sai mai lura da yadda yake runtse ido yana kwantar da kunnuwa ne zai gane yana shan azaba.

Kowa ya turo tsarin gwajinsa kafin daren Alhamis, ya bayyana maganin kashe zafin da zai bayar da matakin da zai dakatar da gwajin. Wanda bai samu amincewar kwamitin ɗa'a ba, don Allah ya dakata tukuna.

Allah ya saka muku da alheri.