Tashar Funtua a Kan Falanki

Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Aminina Banufe, bawan Katsinawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Yaya ƙafar Hajiya, ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau muke, sai hazon hunturu da ya rufe gari, da safe ko hasumiyar Gobarau ba ka hangowa sosai.

Kwalin ɗan jirgin ƙasa na wasa da ka aiko ya iso hannuna tun kafin faɗuwar damina. Na san kana can kana cewa Bakatsine ya karɓi kaya ya yi gum. Ba rashin godiya ba ne. Na ɗaura wa raina cewa ba zan rubuto ba sai na ga jirgin nan yana tafiya da ƙafarsa. To, ran Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ya zaga falanki sau goma bai yi tuntuɓe ba. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ka tuna ɗakin nan na kusa da zaure inda ake zuba buhunan gero? Shi na kwashe. Uwargida ta ce sai dai in nema wa hatsinta wuri tukuna, na nema, aka zauna lafiya. Na sa aka yi daɓen siminti, aka toshe ramukan ɓera, aka sa wa taga gilashi. Ta gabas na kafa teburin aiki, na buga katako a bango na rataye zarto, guduma, filaya, magagari da sukundireba, kowanne na zana siffarsa a bayansa, don in yaro ya ɗauka in gane abin da ya ɓace. Dabarar da nake yi wa ɗalibai ce can da ina koyarwa, ashe za ta yi mini rana a gidana.

Falankin farko asara na yi. Na sayi siriri mai ƙafa 8 da ƙafa 4, na ɗora a kan ƙafafu huɗu kawai. Da ruwan Agusta ya zauna, sai tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Dole na ɓamɓare dogon da na riga na kafa, na sayo mai kauri, na yi masa haƙarƙari da katako a ƙasa, tazarar ƙafa ɗaya da ɗan wani abu, na shafe shi da fenti ciki da bai. Ƙafafun kuma kowacce na tsoma ta a gwangwani mai baƙin mai, saboda ka san gara ba ta da kunya. Faɗin ya ishe ni, tunda kwanar dogon da ke cikin kwalinka daga tsakiyar da'ira zuwa layi milimita 438 ce, da'irar duka ba ta cika mita ɗaya ba.

Maganar wuta kuwa, na'urar wutar jirgin, ta kamfanin Hornby, filoginta irin namu ne mai ƙafa uku, amma ba na son jirgi ya tsaya duk lokacin da aka ɗauke. Da na ga bolt 12 ne abincinsa, sai na ja waya daga batirin sola, na sa ɗan akwatin rage gudu da makunnin da ke juya wayoyin biyu, don da zarar ka juya su jirgi baya zai yi. A nan na yi wautar da ba zan so ɗalibaina su ji ba. Na bar sukundireba a gicciye kan dogo, na kunna. Batiri ba ya wasa: kafin in ankara waya ta yi ja, robar da ke riƙe da dogo ta narke, ɗaki ya cika da ƙauri. Yanzu na sa fis, na kuma ratsa ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan wayar. In dogo biyu suka haɗu, ƙwan ne zai kama ya shanye wutar, ni kuma in san akwai matsala.

Amma abin da ya fi cin raina ba katako ba ne, ba waya ba. Da na jera kayan kamar yadda hoton kwalin ya nuna, na zauna ina kallo, sai na ji ba abin da ya taɓa zuciyata. Koriyar ciyawa, ɗan gida mai jan bulo da bututun hayaƙi. Ƙasarku ce ta yanzu, ba tamu ba. Ni abin da nake so in gani Funtua ce: tashar da Babanka, Allah Ya jiƙansa, ya yi aiki, inda muke tsere mu ɗora kwabo a kan dogo jirgi ya mayar da shi faifai, har ranar da ya kama mu ya zane mu tare bai bambanta ɗansa da ɗan maƙwabci ba.

Da na fara lissafi sai na gano wani abu. Jirgin da ka aiko na ma'aunin da Ingilishi suke kira OO ne, wato an rage komai sau 76, kuma tsakanin dogo da dogo milimita 16.5. Sauran duniya sun fi amfani da HO, mai ragin sau 87, a kan wannan dogon dai. Shi HO lissafinsa ya fita daidai, domin in ka raba milimita 1,435, faɗin babban layin Turai, gida 87, za ka sami 16.5. To amma tsohon layinmu ba haka yake ba. Wanda ya taso daga Baro, ƙasarku, ya iso Kano a 1911, da reshen da ya bar Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, duk ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Shi ya sa jiragenmu suke da wannan kamar ta ƙaton mutum mai tsukakkun ƙafafu, jiki ya fi dogo faɗi nesa ba kusa ba. In na bi ragin sau 76, dogon milimita 14 nake bukata, ni kuwa ba ni da shi.

Kwana uku ina juya abin. Mafitar da na samu ita ce in bar dogo yadda yake, in ƙara girman duk abin da ke kansa. In ka raba 1,067 gida 64, kana samun 16.7, bambancin da ido ba zai gani ba. Haka masu wannan sha'awa suke yi a Niyuzilan, inda layinsu faɗinsa ɗaya da namu. Saboda haka, ka yi haƙuri, na cire wa taragunka riguna. Ƙafafu da ƙarfen ƙasa na bari, jikin kuma ina sake ginawa da kwali mai tauri da siraran katako. A wannan ma'auni namiji tsayayye bai kai santimita 3 ba, ƙofar ɗaki kuma ta ɗara 3 kaɗan. Abin da ya ba ni dariya shi ne falankin nawa gaba ɗaya, in aka mayar da shi girman gaske, mita 156 ne kacal. Ko rabin filin tashar bai kai ba. Dole na yi ta yanke, layi uku kawai na bari da ɗan reshe da ya nufi wajen injin gurzar auduga na Bisije.

Kan jirgin ban taɓa shi ba tukuna, tsoro nake ji. Burina in mayar da shi irin baƙaƙen nan masu cin kwal ɗin Inugu, waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Sai hannuna ya ƙara faɗawa.

Wajen yin ƙasa da itatuwa ne na fi jin daɗi, don nan ba abin da na saya sai gam. Jar ƙasa na ɗebo a bayan gari, na shanya, na tankaɗe da rariyar Uwargida, wadda har yau ba ta san inda ta shiga ba. Tsakuwar dogo yashin rafi ne mai ɗan gari-gari. Kafin in zuba sai da na bi shi da maganaɗisun tsohuwar lasifika, ka ga baƙin garin ƙarfen da ya manne, abin mamaki. Da na bar shi, cikin injin jirgi zai ƙare, tunda shi ma maganaɗisu ne a cikinsa. In na baza yashin da ɗan buroshi, sai in dama farin gam na kafintoci da ruwa, rabi da rabi, in ɗiga sabulun ruwa kaɗan don ya ratsa, in bi da sirinji. Kwana ɗaya ya daskare kamar dutse. Kuka da wayar lantarki na murɗa ta, na lulluɓe da takarda da gam har ta yi tumbi. Na yi gawo biyu da ganyensu shar, ƙasa kuma busasshiya, don duk wanda ya san gawo ya san rani nake nufi, lokacin kakar auduga. Rumbuna da dangar gidajen ma'aikata kuwa da karan dawa na yi su. Hannuna bai manta da motar karan da muke yi ba, totuwa da siraran ɓawo, sai dai yanzu da tabarau nake yi.

Babban abokin gabana ƙura ce. Jirgin ta ƙafafunsa yake shan wuta daga dogo, saboda haka ɗan hazon dare ɗaya ya isa ya sa shi tafiya yana shaƙuwa. Da farko na goge da sanfefa, ashe kuskure ne, tana barin zane-zane a ƙarfen, datti ya sami wurin zama. Yanzu tsumma nake sa wa irin sinadarin da masu gyaran waya suke wanke injin waya da shi, kuma kowane dare ina rufe falankin da tsohon zanen gado. A mahaɗar dogo na bar 'yar ƙafa kamar kaurin kati, saboda zafin Afrilu in ya zo ƙarfe zai miƙe. Kai ɗan reluwe ne, ba sai na gaya maka daga ina ƙarar nan ta kacau-kacau take fitowa ba.

Mutanen majalisarmu sun sa ni gaba. Wani ya ce tsofai-tsofai da ni na koma wasan yara, wai fansho ne ya yi mini yawa. Shi ne kuma ya fi kowa daɗewa a ɗakin, har yana ba ni umarni in ƙara wuta. Yaran unguwa in an tashi daga Islamiyya sai su yi layi a taga. Abokina, jikan nan nawa na wajen babbar 'yata, shi ne mai ba da hannu. Ka san bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba? Birnin Katsina da Daura dogo bai taɓa zuwa musu ba, sai wannan sabon layin na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Shi mai faɗin 1,435 ne. Yaron ya ce in ya girma nasa zai gina, ba irin nawa na tsofaffi ba. Na ce to, shi lissafi ba zai wahalar da shi ba, HO zai saya ya huta.

Yanzu ga bukatata, kuma ba ta kuɗi ba ce. Na zo kafa tankin da ake shayar da kan jirgi, sai na tsaya cak. Ni a tunanina yana ta ɓangaren Gusau. Da na rufe ido kuma sai in gan shi ta ɓangaren Zariya, kusa da inda mata ke sayar da dafaffen rogo. Ofishin Baba taga biyu gare shi ko uku? Kai a cikin tashar ka girma, ni baƙon yini ne. Ka ɗauki takarda ka zana mini yadda ka tuna, ko da zanen Nufawa ne, zan gane. Ka sa har da bishiyar da muke ɓuya a bayanta in mai gadi ya biyo mu.

In kuma akwai mai zuwa gida, ka haɗo ni da mahaɗar sauya layi guda biyu ta kamfanin Peco, ɗaya mai karkata dama ɗaya hagu, da ƙullin 'yan ƙarafan haɗa dogo. Su ne kaɗai na kasa ƙerawa.

Uwargida tana gaida Hajiya, ta ce kuka da daddawarta suna nan an ɗaure. A shafa mini kan jikoki. Wurin tankin na bar shi fili, ba zan zuba gam ba sai zanenka ya zo.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Katsina.