Wasiƙa daga gonar inabi a Sotern

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake, sai ɗan sanyi da ya fara shigowa.

Na turo jaka ɗari da hamsin. Ɗari na maganin Inna ne da hatsi, hamsin kuɗin makarantar Rabi. Kada a taɓa na Rabi, ko wa ya zo da kuka.

Labari ya iso ni wai Kawu yana faɗa a majalisa na zama mashayi a Faransa. Wallahi Yaya, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Inabi nake tsinka a Sotern, kudu da Bordo. Amma ba zan ɓoye maka ba, giya suke yi da shi, kuma abin yana ci mini rai. Ka tambayar mini Malam matsayin wannan kuɗi, kai da shi kaɗai.

Bari ka ji irin aikin, tunda a gida an ɗauka cikin mashaya nake kwana. Wasu gonaki tun Satumba suke gama tsinka, mu kuwa sai Oktoba, wani lokaci har Nuwamba. Akwai ƙaramin kogi mai ruwan sanyi, Siron, da yake shiga babban kogin Garon. Da asuba hazo yakan rufe gonaki, da rana ta fito ya watse. Wannan ne yake sa wata irin fumfuna ta kama inabin, ta huda fatarsa, ruwan ya ƙafe, zaƙin ya taru. Idan ka gan shi a yamutse, ya yi toka-toka, cewa za ka yi na zubarwa ne. To shi ake nema. Da almakashi muke bi layi-layi, mu ciri wanda ya kai, mu bar sauran sai an sake zagayowa. Sai da na koyi bambance ruɓa mai kyau da mai tsami, yanzu kuwa ni ake sa wa in nuna wa sababbin zuwa.

Inabin na ci, shi ai halal ne. Zaƙinsa ya fi na dabino, yana manne wa yatsu, da ɗan tsami a ƙarshe wanda yake hana shi gundurar mutum. Giyar kuwa da ido na gan ta: ruwan zinariya, mai kauri, in ta tsufa sai ta yi duhu. Masu sha suna cewa suna jin zuma da ɓawon lemu a ciki, kuma da sanyinta suke sha, kaɗan, da hantar agwagwa ko cuku mai gishiri. A gonar da ta fi suna a nan, Château d'Yquem, cewa ake itacen inabi guda kofi ɗaya yake bayarwa. A 2012 ma ba su fitar da ita ba sam, don inabin bai yi musu ba. Kwalba ɗaya tasu ta fi abin da na turo muku.

Bayana yana ɗan ciwo saboda sunkuyo, ba wani abu ba ne, kada Inna ta ji. Ina kewar tuwonta ƙwarai.

Ka je wurin Kawu da kanka, cikin ladabi, ka ce ya daina. In maganar ta kai kunnen Inna, hawan jininta zai tashi. Kuɗin Rabi kuma ka kai makaranta da hannunka, ka ɗauko mini hoton takardar biya.

Ƙaninka