Amsa ga Hajiya mai zoɓo: abin da Coca-Cola ke ɓoyewa da abin da bai ɓoye ba

Hajiya, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da kika jefo mini a filin rediyo. Kin ce ke da kike sayar da zoɓo, hukuma tana so ki faɗi duk abin da kika zuba a ciki, to me ya sa aka bar Coca-Cola yana ɓoye nasa haɗin? Kin kuma tambaya ko akwai giya ko hodar ibilis a ciki. Tambayar ta dace, ga amsa.

Ki juya kwalbar ki karanta. Abu shida za ki gani: ruwa mai gas, sukari, launin ƙonannen sukari, asid ɗin fosforik, kafeyin, da kayan ɗanɗano. Biyar na farko babu rufa-rufa a kansu. A haɗin da aka saba, mililita 100 na ɗauke da sukari kimanin giram 10.6, wato kwalbar 50cl tana da giram 53, kusan ƙaramin cokali 13. Kafeyin kuwa miligiram 34 ne a gwangwanin mililita 355. Asid ɗin yana sauko da ma'aunin pH, wanda raguwarsa ke nuna ƙaruwar tsami, zuwa wajen 2.5, kuma shi ne ke danne zaƙin har harshe ya kasa gane yawan sukarin. Sirrin duka yana cikin abu na shida, wanda ake kira 7X, kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da kike sha ba. Doka a yawancin ƙasashe ta yarda a rubuta kayan ɗanɗano a dunƙule, muddin kowanne daga cikinsu an amince a ci shi. Ke ma wannan damar taki ce. Babu mai tilasta miki bayyana yawan citta da kanumfarin da kike sakawa.

John Pemberton, wani mai haɗa magunguna a Atlanta ta Amurka, shi ya fara haɗa shi a 1886 da ganyen koka, wanda daga jikinsa ake samun hodar ibilis, da goro, goron nan namu na Afirka ta Yamma, don kafeyin da ke cikinsa. A lokacin da gaske akwai hodar ibilis kaɗan a ciki. An cire ta wajen 1903. Har yau ana amfani da ganyen, amma sai kamfanin Stepan ya tsame sinadarin daga jikinsa a masana'antarsa da ke jihar New Jersey ƙarƙashin kulawar gwamnati.

Kamfanin bai taɓa yi wa haɗin rajistar ƙirƙira ba, kuma da gangan ne. Wanda ya yi rajista dole ya bayyana komai a rubuce, bayan shekara 20 kuma kowa na iya kwaikwayo. Shi ya sa suka zaɓi kulle baki. Takardar haɗin ta zauna a banki a Atlanta daga 1925, sai a 2011 aka mayar da ita gidan tarihin kamfanin. A 1977 sun gwammace barin Indiya a kan su miƙa wuya ga sharuɗɗan gwamnati, ba su koma ba sai 1993.

Duk da haka, masu wannan sana'a sun san dangin kayan. A 2011 wani shirin rediyo a Amurka ya fitar da wani tsohon rubutu da ke lissafa man ɓawon lemon zaƙi ɗigo 20, na lemon tsami 30, na kirfa 10, na ƙwallon natmeg 10, na koriyanda 5, da na furen lemo mai ɗaci 10, an narkar da su a barasa. Kamfanin ya ce ba nasa ba ne. Ko ma dai yaya, kusan kowane lemon kola a duniya a kan lemo, kirfa da banila yake tsaye. Bambancin yana ga ma'auni da kuma inda aka samo kowane mai.

Batun barasa yana da tushe a nan: mai ba ya haɗuwa da ruwa, dole a nemo abin da zai riƙe shi. Wasu masana'antu suna narkar da shi a barasa kaɗan, wasu da ƙaro, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa. Coca-Cola ya ce ba ya zuba barasa a matsayin kayan haɗi. A 2012 hukumar kare masu saye ta Faransa ta auna lemukan kola, ta samu ɓurɓushi kimanin miligiram 10 a lita a wasunsu, wato kashi 0.001 cikin ɗari. Ayabar da ta nuna sosai ta fi haka. Hukunci na malamai ne, amma a kai musu wannan adadin, kada a kai musu jita-jitar waya.

Abin da ya fi 7X wahalar kwaikwayo shi ne aikin masana'anta. Uwar kamfani tana sayar da tataccen haɗi ga masu ɗurawa, irin su Nigerian Bottling Company mai masana'anta a Challawa ta Kano. Su za su tace ruwa da yashi da gawayi na musamman, domin ko kaɗan sinadarin kulorin ya rage sai ya ɓata ɗanɗano, ruwa mai kanwa-kanwa kuma yana kashe tsamin. Sai a narka sukari ya yi kauri, a zuba tataccen haɗin, a tsinka kashi ɗaya da ruwa kimanin kashi biyar. Kafin a ɗura gas ana cire iskar da ke cikin ruwan, a sanyaya shi zuwa wajen digiri 4, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe gas, sai ya yi kumfa ya malale kwalbar ta fito ba cika ba. Bayan an fita kasuwa ma da saura. Robar lemo tana zubar da gas a hankali ta jikinta, rana kuma tana lalata man lemon, shi ya sa wanda ya wuni a bakin titi yake yin lami.

Wannan sashen shi zai amfani zoɓonki. Ki auna sukari da sikeli, kada ki ƙiyasta da ido. Ki tafasa ruwa, ki wanke robobi, ki saka a sanyi da wuri, domin zoɓo mai sukari idan ya kwana a zafi tsami yake yi, robar ta kumbura, barasa ta fara samuwa a ciki da kanta fiye da wadda aka auna a Faransa.

Ni abin da ke damuna a kwalbar nan a fili aka rubuta shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, kwalbar 50cl guda ta riga ta haura haka, ga asid mai cin haƙori idan ana kurɓa a hankali tsawon yini. Ina roƙonki ki faɗa wa iyayen da ke ɗura wa yara ƙanana lemon kwalba a feda su daina, mai ciwon suga kuma ya nisance shi.

Allah Ya sa albarka a sana'a.

Wassalam,
Mai nazarin kimiyyar abinci