Wasiƙa zuwa Kalgari: haɗa kwana a kan sunobod

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, yaya sanyin Kanada? Na ga saƙonka game da sunobod, wato allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, cewa kana iya gangarowa a kan diddige, kana iyawa a kan yatsu, amma da ka zo sauya gefe sai ka sha ƙasa. Nan ne kowane sabon hannu yake cijewa.

Allon nan kaifi biyu gare shi, na diddige da na yatsu, kuma wanda ke ɓangaren saman tudu shi ne ya kamata ya riƙe ƙanƙara. Tsakanin kwana ɗaya da na gaba akwai daƙiƙa ɗaya ko biyu da allon zai kwanta shimfiɗe, hancinsa na kallon ƙasan gangare. A nan gudu ke ƙaruwa, tsoro ya sa mutum ya ja jiki baya. Da nauyi ya koma ƙafar baya, hancin allo ya yi sakayau, ba zai juyu ba. Don haka ka ɗora kamar kashi 60 cikin 100 na nauyinka a ƙafar gaba, gwiwoyi a lanƙwashe, kafaɗu a jere da allon.

Daga diddige zuwa yatsu: kana ƙetare gangaren, sai ka sauke yatsun ƙafar gaba a hankali, ita kaɗai. Hanci zai fara sauka. Ka jira har ya miƙe sosai, ka ƙirga "ɗaya, biyu", sannan ka danna ƙwaurinka a harshen takalmi, ka tura ƙugu gaba, ƙafar baya ta biyo. Kada ka sunkuya daga ƙugu kana neman taɓa ƙasa da hannu. Wannan yana tura ɗuwawu baya, ya janye nauyi daga kaifin da kake nema. Komawa diddige ya fi sauƙi: ka waiga ta kan kafaɗar gaba, ka sauke diddigen gaba, ka jira, sannan ka ɗaga yatsu ka yi kamar za ka zauna a kujera.

Jiran nan shi ne komai. In ka sauya tun allon yana zamewa a karkace, kaifin da ke ɓangaren ƙasan tudu zai ciji ƙanƙara ya fyaɗa ka, in na diddige ne kuwa da ƙeya za ka sauka. Don Allah kada ka hau ba hular kwano da kariyar wuyan hannu, domin karayar wuyan hannu ita ta fi samun masu koyo. In za ka faɗi gaba, ka dunƙule hannu ka sauka a kan damatsa da gwiwa.

Tunda filin wasan ƙanƙara na WinSport, inda aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na hunturu a 1988, yana cikin garinku, ka nemi gangare mai faɗi mai alamar kore (na masu koyo), amma ba shimfiɗaɗɗe ƙwarai ba, don rashin gudu ma yana sa kaifi ya ciza. Ka yi kwana ɗaya ka tsaya cak, sau goma kowane gefe. Bayan nan, maimakon tsayawa, ka bar ɗan gudu ya ƙetarar da kai, ka shiga na gaba. Ka kuma ɗaure takalmi tamau. In diddige na ɗagawa a ciki, umarnin ƙafa ba ya isa allo a kan lokaci.

Ka sa a ɗauke ka bidiyo daga ƙasan tudu ka turo mini in duba tsayuwarka. Ka gaida mai ɗaki da yara.

Naka,
Sani