Ban Buɗe Bidiyon Ba

Zuwa ga aminina Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kewa?

Saƙonka ya iso, har da bidiyon da ka haɗo, wanda ka ce an sato shi daga wasan bidiyon da bai fito ba. Kada ka ji haushi, ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba.

Ka tuna abin da ya same ni a 2020. Shekara bakwai ina jiran The Last of Us Part II, sai a watan Afrilu aka watsa sassan labarinsa a intanet, saura wata biyu ya fito. Ni ban ma je nema ba. Ina karanta sharhin mutane ƙarƙashin wani bidiyo daban, idona ya faɗa kan layi ɗaya tak, wani ya rubuta sunan wanda zai mutu. Ranar da na kai wurin a cikin wasan, ina riƙe da abin sarrafawa, ina jiran gabana ya faɗi, shiru. An riga an kwashe min daɗin tun tuni.

Ba mu kaɗai abin ke cuta ba. A Satumban 2022 aka baza bidiyo kusan 90 na GTA VI ana tsakiyar aikinsa. Nan take jama'a suka hau zagi, wai zanen ya yi muni. Ina aka taɓa shiga gini ba a yi rufi ba a ce magini bai iya ba? Sai da masu ƙera wasu wasannin suka riƙa fito da tsofaffin hotunan ayyukansu, don a ga kowane wasa da haka yake farawa. Wanda ya yi kutsen, Arion Kurtaj, matashi ne daga Oxford ta Ingila. Yana kan beli, a ɗakin otal, ya shiga rumbun Rockstar, kamfanin da ke ƙera GTA, ta hanyar amfani da Amazon Fire Stick ('yar na'urar da ake maƙala wa talabijin) da talabijin ɗin ɗakin da wayar hannu. A Disambar 2023 kotu ta tura shi asibitin da ake tsare mutane, ba tare da wa'adi ba. Wallahi yaron tausayi yake ba ni, irin wannan basira ta tafi a haka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na kamfanin wasanni Insomniac, shi ma a Disambar 2023. 'Yan kutsen Rhysida sun nemi dala miliyan 2, da ba su samu ba suka zubar da kusan duk abin da suka sata a intanet. Mutane na ta rububin kallon Wolverine, wasan da kamfanin ke ƙerawa, alhali cikin kayan har da hotunan fasfon ma'aikata. Tun daga lokacin, duk wanda ya turo min irin wannan, ma'aikatan nan nake fara tunawa.

Don Allah idan ka riga ka kalla, ka riƙe a cikinka. Ranar da ya fito mu kunna tare, kana can ina nan, kamar yadda muka saba. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Bashir