Kalmar "chronic" naci take nufi, ba tsanani ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wata kalmar Turanci da na lura tana yi wa masu fassara labaran lafiya tarnaƙi, wato "chronic". Sau da yawa nakan ji an fassara ta da "mai tsanani" a rediyo da jaridu, alhali kuwa ba zafin ciwo take aunawa ba, daɗewarsa a jiki take nufi. Tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin lokaci, shi ya sa ake furta farkonta da "k" ba da "c" ba, gyaran da na sha yi wa ɗalibai a aji kafin in yi ritaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru. Kwanan baya aka kai yayata wani asibiti a nan Gusau saboda ciwon kai da jiri, aka auna ta aka ce hawan jini ne, likita kuma ya rubuta wannan kalma a katinta. Ɗanta, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya karanta katin, nan take ya shiga kiran dangi na Ƙauran Namoda da na Tsafe yana cewa ciwon Inna "ya kai kuronik". Kafin la'asar takalma sun cika ƙofar ɗaki, mata sun shigo da kwanukan fura idanu jajur, ita kuwa mai ciwon tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na ce mata, "Yaya, ba wanda ya rasu. Likita cewa ya yi ciwon baƙo ne da ya zo da tabarmarsa, sai dai a koyi zama da shi."

Likitoci suna da wata kalma dabam, "acute", ga ciwon da ke aukowa farat ɗaya ya yi abin da zai yi cikin ɗan lokaci. Kwalara tana iya kashe mutum a yini guda, sanƙarau ma ba ya jira, amma duk da haɗarinsu ba a kiran su "chronic". Hawan jini kuwa, da ciwon suga, da asma, da sikila, mutum yakan shekara ashirin ko fiye da su yana noma yana zuwa kasuwa. Har ƙa'idar lokaci gare su: ba a ce ciwon ƙoda ya zama mai naci sai alamunsa sun wuce wata 3, ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuma sai ta haura wata 6 a jini.

Kuskuren fassarar yana da illa ta biyu, wadda a ganina ta fi tsoratar da dangi muni. Wanda aka ce masa ciwonsa mai tsanani ne yakan ɗauka cewa da zarar zafin ya lafa an rabu ke nan, sai ya ajiye magani bayan mako biyu, ya ce ya ji sauƙi. Da an faɗa masa tun farko cewa ciwon na zama ne, da ya san ƙwayar maganin hawan jini ta kullum ce, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Shanyewar ɓarin jiki da muke yawan jingina wa iska, wani lokaci daga nan take farowa.

Mu mutanen Zamfara mun fi kowa buƙatar a bambance mana kalmomin nan biyu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Mace-macen kowa ya gani, amma dalmar da ke taruwa a jikin yaro kaɗan-kaɗan tana dakushe ƙwaƙwalwarsa ba a yi mata zaman makoki. Haka tamowa take: akwai ta rama, wadda ke zuge yaro cikin makonni, akwai kuma ta tsumburewa, wadda ke hana shi tsawo saboda daɗewar rashin abinci mai gina jiki. Idan mai fassara ya kira duka biyun "tamowa mai tsanani", ya shafe bambancin da rahoton ya zo nunawa.

Ba a asibiti kaɗai kalmar ta tsaya ba. Bature yakan ɗora ta a kan matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kamar ƙarancin ruwan famfo ko rashin malamai a makarantun karkara, yakan kuma ɗora ta a kan mutumin da mugun hali ya zame masa jiki, irin maƙaryacin da ba ya tuba ko ma'aikacin da kullum sai ya makara. Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO su lura cewa siffa ce, tana zuwa kafin sunan da take siffantawa, kuma ba a jingina ta ga abin alheri. Ba a faɗin ta a kan zaman lafiya ko kyauta, komai daɗewarsu. Ambaliyar dare ɗaya ma, ko ta cinye gari, ba ta cancanci kalmar ba, sai fa idan kowace damina take dawowa.

Hausa ba ta rasa abin faɗa a nan. Muna da "ciwo mai naci", muna da "daɗaɗɗen ciwo", muna da "ciwon da ya zama jiki". Ni dai na fi son "mai naci", domin gajere ne, yana shiga kanun labari, kuma tsohuwa a ƙauye za ta gane shi ba sai an yi mata ƙarin bayani ba. Ina roƙon editocinku su tsayar da ɗaya daga ciki su riƙa amfani da shi, ma'aikatan jinya kuma su daure su fassara wa majiyyaci abin da aka rubuta a katinsa kafin ya fita da shi.

Naku,
Malamin Turanci mai ritaya,
Gusau, Jihar Zamfara.